Tsayar da Sauti a Manhajar Kwamfutar Tebur: Buƙatun Masu Sauraro a Azare da Ƙasar Katagum

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda manhajar kwamfutar tebur ke kunna sauti, ta dakatar da shi, ta kuma ci gaba da shi, ta fuskar masu amfani da ita a Azare da ƙasar Katagum: masu haddar Alƙur'ani, ɗaliban da ke rubuta waƙoƙin baka daga faifai, masu turin waƙoƙi a kasuwa, da masu kula da lasifika a wurin taro. Hujjar maƙalar ita ce tsayarwa ta fi kunnawa wuya, kuma ta fi ta muhimmanci ga waɗannan mutane. An bi matsalar ta fuska biyar: halayen da manhaja ke shiga, jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da yin shiru, riƙe wurin da aka tsaya idan wuta ta ɗauke, zaɓen gurbin da ya dace a tsaya a cikin karatu, da yin shiru saboda jama'a.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa duba aikin ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya rubuta manhajar sauraron sauti ya san yadda gwajin ke gudana. Ɗalibi ya buɗe fayil, ya danna maɓalli, waƙa ta tashi, fuska ta washe, a ba shi maki. Ba kasafai ake tambayar abin da ke faruwa idan aka danna maɓallin sau biyu a jere ba, ko aka tsayar da sautin a tsakiyar kalma, ko wuta ta ɗauke ana minti na arba'in na tafsiri. Amma a nan ne mai sauraro ke zaune da manhajar kullum.

Ƙasar Katagum, wadda Malam Zaki ya kafa masarautarta a farkon ƙarni na 19 da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, aka kuma mayar da hedikwatarta Azare a 1916, tana tsakanin Kano da Barno, kuma ta gaji karatun allo daga ɓangarorin biyu. A yau garin Azare yana da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya, ga kuma Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, nan kusa. Ke nan akwai masu sauraro da ke saurare don su koya, akwai kuma matasan da za su iya rubuta musu manhaja. Abin da nake so in nuna shi ne inda buƙatar waɗancan ta sha bamban da abin da ake koya wa waɗannan.

1. Halayen manhaja

Manhajar sauti a kowane lokaci tana cikin ɗayan halaye kaɗan: babu fayil, fayil na buɗe amma shiru, sauti na tafiya, ko an dakata a wani wuri. Manyan tsare-tsaren gina manhaja sun fayyace wannan. QMediaPlayer na Qt yana da halaye uku: kunne, dakace, tsaye. GStreamer yana da huɗu, kuma ba ya tsallake ko ɗaya. Kafin ya kai ga kunnawa sai ya ratsa ta halin dakatawa, inda yake tanadar sautin farko. Tsohon tsarin MCI na Windows yana karɓar umarni a rubuce ta hanyar mciSendString, kuma ya ware umarnin dakatarwa daban da na tsayarwa da na rufewa.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne umarni mai suna ɗaya ba ya yin aiki ɗaya a ko'ina. A Qt, tsayarwa tana mayar da sauti farko. A ajin Clip na Java, tsayarwa tana barin sa a inda yake, sai mai rubutu ya mayar da shi farko da kansa. A sautin HTML, wanda manhajojin tebur da aka gina a kan Electron ke amfani da shi, babu umarnin tsayarwa sam. Dakatarwa ce kawai, sannan a mayar da agogo sifiri. PlaySound na Windows kuwa, wanda littattafan koyo ke farawa da shi saboda sauƙinsa, ba shi da dakatarwa: ana kashe sautinsa ne ta sake kiran sa ba tare da sunan fayil ba, kuma wurin da aka kai ya tafi ke nan. Idan aka kira shi ba tare da zaɓin SND_ASYNC ba, manhajar gaba ɗaya za ta daskare har sautin ya ƙare, ta yadda maɓallin tsayarwar kansa ba zai danu ba.

Wannan daskarewa ita ce darasi na farko. Dole aikin zuba sauti ya gudana a layinsa daban, fuskar manhaja kuma a nata layin, su riƙa magana ta saƙo. Darasi na biyu shi ne a ajiye halin manhaja a wuri guda, kowane danni ya bi ta nan. Idan sauti na tafiya aka sake danna kunnawa, amsar da ta dace ita ce a ƙyale dannin. Manhajar da ba ta san halinta ba za ta buɗe sauti na biyu a kan na farko, maɓallin tsayarwa kuma ya kashe ɗaya ya bar ɗaya. Na sha ganin wannan a ayyukan ɗalibai, kuma magani ɗaya ne: a zana halayen a takarda, da kibiya daga kowane zuwa kowane, kafin a rubuta layi ko ɗaya.

2. Tsakanin danni da shiru

Sauti mai ingancin faifan CD yana ɗauke da ma'auni 44,100 a kowane sakan, kowane ma'auni bit 16, a hanya biyu, wato bayit 176,400 a sakan. Kwamfuta ba ta miƙa wa katin sauti waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Tana tara su ne a wata 'yar ma'ajiya, katin yana ɗiba. Kamar mai ban ruwa ne da dogon tiyo: ko ya rufe famfo, ruwan da ya riga ya shiga tiyon sai ya fita. Ma'ajiya mai ma'auni 512 tana ɗauke da kusan milisakan 12 na sauti. Mai 4,096 tana ɗauke da kusan 93. Mai rubuta manhaja da ke tsoron kada sauti ya riƙa yankewa a tsohuwar kwamfuta yakan ƙara girman ma'ajiyar zuwa rabin sakan ko fiye, kuma yana da hujja, domin yawancin kwamfutocin da ke shagunan turi da ɗakunan malamai a garuruwanmu 'yan gwanjo ne. Sai dai rabin sakan ya isa kalma guda ta wuce bayan an danna.

Tun 1968 Robert Miller ya nuna cewa amsar da na'ura ta bayar cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na sakan ita mutum ke ji kamar nan take. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙe. Hanyar cimma sa ba tare da an rage babbar ma'ajiya ba ita ce a yi ma'ajiya biyu: babba tsakanin fayil da manhaja, ƙarama tsakanin manhaja da katin sauti. Umarnin dakatarwa ya yi aiki a kan ƙaramar. Kuma a lissafa wurin da aka tsaya daga abin da kunne ya riga ya ji, kada a lissafa daga abin da aka karanto daga fayil. In ba haka ba, idan aka ci gaba za a tsallake abin da ke cikin ma'ajiya, mai sauraro ya rasa kalma bai sani ba. Ga mai jin waƙa don nishaɗi wannan ba komai ba ne. Ga mai rubuta baitocin Mamman Shata don kundin digiri, ɓatan kalma ɗaya na iya sauya ɗango.

Akwai kuma ƙarar da ake ji, wani “ɗas”, idan aka yanke sauti kwatsam. Dalilinta shi ne igiyar sautin tana sama aka jefar da ita sifiri a ma'auni ɗaya. A abin sawa a kunne ba ta da yawa, amma ta cikin amfilifaya da manyan lasifikokin wurin walima ko wa'azi tana firgita mutane, kuma ba ta yi wa lasifikar kyau. Ana kawar da ita ta hanyar sauke ƙarfin sauti a hankali cikin milisakan 10 zuwa 20 kafin a tsaya, a kuma ɗaga shi haka idan za a ci gaba. Kunne ba ya jin wannan a matsayin jinkiri. Layuka kaɗan ne na rubutu, kuma ina ganin bai kamata a karɓi aikin ɗalibi ba tare da su ba.

3. Abin da kaset ya iya

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma shekaru da dama shi ne ya ɗauki wa'azi da tafsiri da waƙa zuwa kowane lungu na ƙasar Hausa. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya yi bayanin yadda harkar kwafe-kwafen kaset ta zama ginshiƙin yaɗa labarai da nishaɗi a Kano. Kaset yana da wata baiwa da ba a cika ambata ba: wurin da aka tsaya yana jikin zaren. Batir ya mutu, ko wuta ta ɗauke, ko an cire shi an kai gidan maƙwabci, yana nan inda aka bar shi. Dattijon da ke bin tafsirin azumi a rikoda bai taɓa buƙatar tuna minti nawa ya kai ba.

Fayil ɗin MP3 ba shi da wannan. Wurin da aka kai yana cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, wadda ke gogewa da zarar wuta ta yanke. Manhajoji da yawa da ke da zaɓin ci gaba daga inda aka tsaya suna rubuta wurin ne lokacin da aka rufe su a tsanake. An gina su a ƙasashen da rufewa a tsanake ita ce al'ada. A Azare, kwamfutar tebur da ba ta da batirin ajiya tana mutuwa ne a duk lokacin da wuta ta ɗauke ko ake sauyawa zuwa janareta, kuma mai rubuta manhaja a nan dole ya ɗauki wannan a matsayin hanyar rufewa ta yau da kullum.

Saboda haka a riƙa rubuta wurin a ma'ajiyar dindindin duk bayan 'yan sakanni, da kuma duk lokacin da aka dakata. A rubuta shi ta yadda yankewar wuta a tsakiyar rubutu ba za ta lalata na baya ba: ko dai a rubuta sabon fayil sannan a sauya masa suna ya maye gurbin tsohon, ko a yi amfani da SQLite, wanda aka gina don ya jure irin wannan yankewa.

Sai tambayar da wa za a danganta wurin. Manhaja takan gane fayil da sunansa da hanyar da ke kai wa gare shi. A wurinmu wannan ba abin dogaro ba ne. Sauti yana yawo ne a memori da filas, daga shagon mai turi zuwa waya zuwa kwamfuta, ana sauya masa suna a hanya, harafin da Windows ke bai wa filas ɗin kuma yana iya zama E yau, gobe F. Ya fi kyau manhaja ta ɗauki tambarin lissafi daga abin da ke cikin fayil ɗin, haɗe da girmansa, ta gane shi da wannan ko da wane suna ya zo.

Komawa wurin ma da nasa aikin. MP3 yana zuwa ne a ƙunshe-ƙunshe, kowane ɗauke da ma'auni 1,152, kusan milisakan 26, kuma wani ƙunshin yakan aro bayanai daga waɗanda suka gabace shi, don haka sai an fara fassarawa daga baya kaɗan a zubar da na farkon. A fayil mai sauyin nauyi, teburin Xing da ake neman wuri da shi gurbi 100 kawai gare shi. Idan tafsirin awa biyu ne, tsakanin gurbi da gurbi sakan 72 ne, abin da ke tsakani kuwa kintace ne. Manhajar da ke son daidaito sai ta bi fayil ɗin sau ɗaya ta gina nata teburin ta ajiye. Saƙonnin murya na WhatsApp, waɗanda karatuttuka da yawa ke yawo a cikinsu yanzu, suna zuwa ne a tsarin Opus, shi ma ƙa'idarsa ta nemi a faro aƙalla milisakan 80 kafin wurin da ake nema.

4. Ina ya dace a tsaya?

Nan ne nake ganin muna da abin da za mu koya wa masu wannan fanni. Tun kafin a ƙera na'urar sauti, malaman ƙira'a sun zauna sun yi ilimi sukutum a kan tsayawa da farawa, wato waƙafi da ibtida'i. Abu Amr ad-Dani na Andalus ya rubuta Al-Muktafa a kansa, ya kasa tsayawa zuwa cikakkiya, da wadatacciya, da kyakkyawa, da mummuna. Kowane ɗalibin tajwidi a Islamiyyun Azare ya san misalin aya ta 43 ta Suratun Nisa'i, inda yankewa a farkon jimla ke juya ma'ana. Maɓallin dakatarwa na manhaja bai san wannan ba. Inda yatsa ya sauka nan yake yanka.

Shawarata ita ce manhajar da aka yi don karatu ta kasance da tsayarwa iri biyu. Ta farko nan take, domin akwai lokacin da dole a yi shiru yanzu. Ta biyu kuma ta jira har mai karatu ya kai waƙafinsa na gaba. Ci gaba ma haka: maimakon a ɗora daga tsakiyar kalma, a koma farkon gaɓar da aka yanke, kamar yadda makaranci ke komawa baya idan numfashi ya yanke masa. Masu rubuta magana daga faifai sun daɗe da sanin amfanin wannan. Manhajar Express Scribe tana da zaɓin ja da baya kaɗan duk lokacin da aka tsaya, kuma ana sarrafa ta da abin takawa a ƙafa don hannu ya zauna a kan rubutu.

Don manhaja ta san gaɓoɓin, sai an ba ta alamomi: fayil ƙarami da ke cewa gaɓa kaza ta fara a sakan kaza. Ana iya samun daftarin farko ta hanyar gano wuraren shiru, abin da FFmpeg da Audacity duk suna yi. Amma shiru ba ya nufin ƙarshen aya. Makaranci yakan tsaya a tsakiya, ya koma baya ya maimaita, sai na'ura ta lissafa gaɓa biyu masu shiga juna. Dole mahaddaci ya bi alamomin da kunnensa. Sannan akwai batun ruwaya. Tsangayunmu a kan Warshu suke, Islamiyyu kuma galibi a kan Hafsu, kuma ƙidayar ayoyin ta bambanta: 6,236 a ƙidayar Kufa da mus'hafan Hafsu ke bi, 6,214 a ƙidayar Madina da aka saba bugawa da Warshu. Manhajar da ta ɗaure alamominta da lambobin Hafsu za ta tsaya wa almajirin tsangaya a inda allonsa bai tsaya ba. Ban da haka, shi gardi da sumuni da hizifi yake auna karatunsa, don haka ya kamata ya iya cewa a maimaita masa sumuni kaza, ba sai ya nemi lambar aya ba.

Maimaitawa ita ce zuciyar hadda. VLC, wanda ya faro a matsayin aikin ɗalibai a École Centrale ta Faris, yana da zaɓin maimaita tsakanin wuri biyu, amma sai an kama wuraren da hannu yayin da sauti ke tafiya. Da alamomi, manhaja za ta iya karanta gaɓa, ta yi shiru daidai tsawon gaɓar don ɗalibi ya biya, ta sake, sau adadin da malam ya yanka. Tsarin ba sabo ba ne: Sheikh Mahmud Khalil al-Husari, wanda ya naɗi cikakken Alƙur'ani a Masar a 1961, da Sheikh Muhammad Siddiƙ al-Minshawi, duk suna da naɗin koyarwa, na Minshawi har da yara masu amsawa. Bambancin shi ne a can tsawon jira yana ƙulle a cikin naɗin, a nan kuwa yana hannun malami. Matasan da ke shirin musabaƙar da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa tun 1986 za su amfana da wannan ƙwarai, kuma da muryar alarammomin garinsu.

A waƙar baka gano shiru ba ya aiki ko kaɗan, domin kalangu ko kuntigi ba ya tsayawa don mawaƙi ya numfasa. A nan sai a sa alamomin da hannu, ɗiya bayan ɗiya, a ware amshi. Manhajar ELAN ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen tana yin wannan, sai dai an gina ta ne don masana harshe, kuma ta yi wa ɗalibin NCE nauyi. Aikin sa alama aiki ne da sashen Hausa da na addinin Musulunci da na kwamfuta a kwaleji ɗaya za su iya haɗa hannu a kai, ba tare da sayen komai ba.

5. Shiru saboda jama'a

Mai turi a kasuwar Azare yana da tagogi da yawa a buɗe: yana kwafa wa wannan fim, yana nemo wa wancan waƙa, lasifika na tashi. Aka kira salla, ko aka zo wucewa da gawa, ko dattijo ya tsaya yin magana, ladabi ya ce a yi shiru kafin a nemo linzami a lalubo taga. Haka mai DJ a wurin biki. Windows yana da RegisterHotKey, wanda ke bai wa manhaja damar jin wani maɓalli ko da tagarta na ɓoye. A Linux akwai tsarin MPRIS. Da yake yawancin kibod ɗin da ke shagunanmu ba su da maɓallan sauti na musamman, a bar mai amfani ya zaɓi nasa.

Za a iya cewa manhaja ta lissafa lokutan salla ta tsaya da kanta, tunda lissafin ba ya buƙatar intanet, sai sanin cewa Azare tana wajen digiri 11.7 arewa da 10.2 gabas. Ban ƙi a sa shi a matsayin zaɓi ba. Amma kowane masallaci da lokacin da ladaninsa ke kira, kuma mai shago ladanin unguwarsa yake ji. Maɓallin da ke ƙarƙashin yatsarsa ya fi lissafin amfani.

6. Gwajin da ya kamata a yi

Ga malaman da ke duba irin waɗannan ayyuka a kwalejojinmu, ina roƙon a sauya yadda ake gwaji. A kawo fayil na awa biyu daga shagon turi, kada a yarda da gajeriyar waƙar da ɗalibi ya zaɓo. A danna kunnawa sau biyar da sauri a ji ko murya ɗaya ce ke fita. A haɗa da amfilifaya a dakata a saurari ƙara. A tsaya a tsakiyar jimla a ci gaba, a sa wanda ya san karatun ya faɗi ko kalma ta ɓace. A zare filas ɗin sauti na tafiya a ga ko manhajar za ta faɗi dalili da Hausa ko za ta daskare. A sauya wa fayil suna a sake buɗe shi. Daga nan, ana minti na arba'in, mai dubawa ya miƙa hannu ya zare wayar wuta daga bango, a sake kunna kwamfutar, a buɗe manhajar, a rubuta sakan nawa ne tsakanin inda aka yanke da inda ta ɗora.